Ɗan wana yana tsare kuma kullum cikin aiki yake: horo ne wannan ko cin gumi?

Mai Albasa, Mile 12

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, kuma don Allah wanda ya san kan abin ya amsa mini. Wa'azi kam na sha shi a gida har ya ishe ni.

Yaron ɗan marigayi wana ne, shekararsa 16. Ni na ɗauko shi daga Bichi bayan rasuwar ubansa don ya kama mini a kasuwa: in mota ta iso daga Aliero ya taya sauke buhuna, ya zazzage, ya tsince ruɓaɓɓu, ya cika kwanduna. Yana da hannu a aikin, wannan ba zan hana shi ba. Sai ya haɗu da wasu yara da ke kwana a bayan rumfuna, aka yi wani faɗa da daddare, wayar wani ta ɓace, da gari ya waye aka kwashe su gaba ɗaya. Ban ce waliyyi ba ne. Ni na san halinsa fiye da kowa a garin nan. Yanzu yana wani gidan ajiye yara a nan Legas, ba zan faɗi sunan gidan ba, kuma har yau alƙali bai yanke masa komai ba, sai ɗage zama ake ta yi.

Da na je dubiya, ya miƙo hannu mu gaisa sai na ji tafin kamar bayan kada. Na juya hannun na duba. Gindin yatsu duk kanta, a tsakiya kuma wani bororo ya fashe ya bar jan nama, ya ɗaure shi da tsumman da ya yago daga bakin singiletinsa. Yaron da ya saba ɗaukar buhu ba raggo ba ne, saboda haka na tambaye shi me ya yi masa haka. Ya ce langalanga. Da safe bayan koko sai a raba musu, su shiga ciyawa, kuma kun san ciyawar Legas da damina, ka sare yau jibi ta dawo tana yi maka dariya. In sun gama sai ɗiban ruwa, wanke bayi, kwashe kwata. Na ce ina karatu? Ya ce akwai aji, amma da Turanci ake yi, shi kuwa sai dai ya zauna a baya yana kallon baki. Na ce sana'a fa? Ya ce akwai ɗakin ɗinki, keke ɗaya ne ke aiki, kuma waɗanda suka daɗe a gidan su suka riƙe shi.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne gardamar da aka yi a majalisarmu bayan la'asar. Wani ya nuno mana bidiyo a waya: samari cikin kaya ruwan goro, kowa da hular kwano da jaka a baya, sun yi layi a kan tsauni suna sarar daji, ga hayaƙi ya turnuƙe bayansu. Ya ce wai fursunoni ne a Amurka, har da yaran gidan gyaran hali, su ake turawa kashe wutar daji. Nan take majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce ka gani, Turawan da ke yi mana surutun haƙƙin yara ga su suna tura nasu cikin wuta, kai kana kukan ciyawa. Wasu suka ce ai wannan bauta ce aka sake wa riga. Ni dai ban ce uffan ba, don hannun yaron nake gani a idona.

To ga abin da nake son sani. Da gaske ne abin da ke cikin bidiyon, ko irin haɗe-haɗen nan ne na Facebook? Sannan a dokar ƙasar nan, ya halatta a sa yaron da ba a ma tabbatar da laifinsa ba aiki irin wannan? In kuma bai halatta ba, in je in yi magana, ko in ja bakina kada a huce a kansa bayan na juya baya? Uwarsa tana can tana bugo mini waya dare da rana, ni kuma ce mata nake yi yana makaranta.

Tsohon Gandiroba, Agege

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan wanka, Allah ya fito da yaron lafiya.

Na yi aikin gidan yari har na yi ritaya, kuma a cikin shekarun akwai lokacin da aka ajiye ni wajen matasa. Bari in faɗa maka abin da mutanen waje ba sa son ji: a irin wannan gida babu abin da ya kai zaman banza haɗari. Ka tara yara masu jini a jika a ɗaki ɗaya tun safe har dare ba abin yi, kafin azahar an fasa wa wani baki, kafin sati ya zagayo ƙaramin cikinsu ya koyi yadda ake buɗe kwado da waya. Ranar da suka yi aiki suka gaji, ranar muke samun barci mu ma. Don haka in ka ji an ce yaro yana share inda yake kwana, yana wanke kwanonsa, yana sare ciyawar harabar da yake zaune, kada ranka ya ɓaci. Ko a makarantar kwana haka ake yi.

Amma aiki suna ya tara. A takarda, abin da aka gina gidajen nan dominsa shi ne sana'a da karatu. Gidajen Bostal na gwamnatin tarayya, wato na Kakuri a Kaduna, da na Ilorin, da na Abeokuta, an tanade su ne don matasa 'yan shekara 16 zuwa 21, a koya musu kafinta, walda, ɗinki, gini da makamantansu. Shi ya sa ma a 2019 aka sake wa hukumarmu suna daga ta gidajen yari zuwa ta gyaran hali. Jihar Legas kuma tana da nata gidajen a ƙarƙashin ma'aikatar matasa da walwalar jama'a, na maza daban na mata daban. Wannan a takarda ke nan. A zahiri, inda na yi aiki mun taɓa daɗewa injin walda na zaune lafiya lau amma babu wuta, babu man janareto, babu ko sandar walda ɗaya. Malamin sana'a ya zo ya sa hannu ya tafi. Me za ka ba yara su yi? Sai langalanga, don ita ba ta shan mai.

Sai kuma wanda ba a rubutawa ko'ina, shi ne wanda nake so ka binciko. Na gani da idona ana ɗibar yara ranar Asabar a kai su gidan wani babba su yi masa shara da wanki, ko gonarsa su yi masa noma, a sallame su da burodi da lemo. Yaran ma har rububi suke yi don za su ga titi. Wannan shi ne cin gumi, ba wani suna da za a ba shi. In ka koma, tambayi yaron a hankali, ba a gaban ma'aikaci ba: ciyawar da yake sara, ta cikin katanga ce ko ta waje? In ta waje ce, gidan wa?

Batun yin magana kuwa, kada ka je da faɗa. Ka nemi jami'in jin daɗin jama'a da ke riƙe da fayil ɗin yaron, ka gaishe shi, ka san sunansa, shi ma ya san fuskarka. Yaron da ake zuwa dubawa ba a taɓa shi kamar wanda aka manta da shi, wannan na tabbata. Ka tafi masa da sabulu, man shafawa, silifas, da garin kwaki in suna bari a shiga da shi. Ka nuna hannun nan ga ma'aikacin jinya ka ce a wanke a sa magani, da ladabi amma a gaban mutane.

Mai Kula da Gobara, Apapa

Baffa, bidiyon gaskiya ne. Ni aikina ke nan, ina sashen kariya daga gobara a wani wurin ajiye mai, kuma na bi labarin sosai lokacin da abin ke faruwa.

A jihar Kalifoniya ne. Ranar 7 ga Janairun 2025 wuta ta tashi a yankin Los Anjeles, iska mai ƙarfi ta kwashe ta, ta cinye gine-gine sama da 16,000, mutum wajen 30 suka rasu. A cikin masu kashe ta akwai fursunoni sama da 1,000. Ba sabon abu ba ne a wurinsu. Tun lokacin yaƙin duniya na biyu, da mazaje suka tafi fagen daga aka rasa masu kashe wutar daji, jihar ta fara dogara da fursunoni, yanzu kuma tana da sansanoni 35 na wannan aiki. Na matasa shi ne Pine Grove, a gindin duwatsun Sierra Nevada, gabas da birnin Sacramento, wanda yake aiki tun 1945. Ko da jihar ta rufe manyan gidajenta na tsare matasa a 2023 ta mayar da su hannun ƙananan hukumomi, wannan sansani bai rufu ba. Sai dai ka lura, waɗanda ke can ba sa'annin yaronka ba ne. Galibi samari ne da suka kai 18 har zuwa ashirin da 'yan kai, waɗanda kotu ta riga ta yanke wa hukunci, kuma sai mutum ya nema da kansa an tantance shi. Wanda laifinsa cinna wuta ne ko fyaɗe ba a ɗaukarsa.

Mutane na zaton mesa suke riƙewa suna fesa ruwa. A'a. Aikinsu yanke wa wuta hanya. Na gaba suna riƙe da zarto mai inji suna kayar da itatuwa da sarƙaƙiya, na bayansu suna janyewa suna jefarwa gefe, sai masu wani ƙarfe mai gatari a baki ɗaya fartanya a ɗaya bakin su tone saiwoyi, na ƙarshe su kankare da manjagara har sai ƙasa tsirara ta fito. In wuta ta iso nan ba ta da abin ci, sai ta tsaya. Duk wanda ya taɓa share kewayen rumbu ko tarin harawa da kaka don gudun wutar mafarauta ya san dabarar. Bambancin shi ne su a kan tsauni suke yi, da kaya mai nauyi a baya, cikin hayaƙi, kuma zubi ɗaya yakan kai awa 24 kafin a canje su. In babu wuta, su ne masu share daji, gyaran wuraren shaƙatawa, da cika buhunan yashi lokacin ambaliya.

Kuɗin fa? A lokacin waccan wutar, abin da aka bayyana ana biyan fursunonin shi ne dala 5.80 zuwa 10.24 a yini, da ƙarin dala 1 a kowace awa in suna bakin wuta. In ka buga da canjin lokacin, naira 1,500 da 'yan kai kan kowace dala, za ka ce ai kuɗi ne. To a jihar, mafi ƙarancin albashin lebura a lokacin dala 16.50 ne a awa ɗaya, ba a yini ba. Surutu ya yi yawa bayan wutar, har a watan Oktoban 2025 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta mayar da shi dala 7.25 a awa lokacin da suke fagen wuta. Amma ainihin abin da ke jan su ba kuɗin ba ne, ragin zama ne. Da yawa daga cikinsu ana yafe musu kwana biyu a kan kowace rana da suka yi a rukunin, ga abinci mai kyau, ga iska, ba katanga mai waya a kanka. Ana kuma mutuwa. A Fabrairun 2016 dutse ya gangaro ya kashe wata fursuna 'yar shekara 22 tana wannan aiki a Malibu.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin, a matsayina na ɗan sana'ar, shi ne wannan. Shekara da shekaru mutum zai yi aikin nan ya ƙware, ya fito, ya je neman aikin kwana-kwana a birni a ce masa sai da lasisin ba da agajin gaggawa, lasisin kuma ba a ba mai tabon babban laifi. Wato ka isa ka tari wuta kana ɗaure, ba ka isa ba kana da 'yanci. Sai a 2020 aka yi dokar da ta ba su damar zuwa kotu a goge musu tabon, kuma tun 2018 akwai wata cibiya a Ventura da ke ci gaba da horar da waɗanda suka fito. Ko su can ba su gama gardamar da kuka yi a majalisa ba. Gyaran tsarin mulkin Amurka na 13, na 1865, ya haramta bauta amma ya ware wanda kotu ta hukunta. A Nuwamban 2024 aka tambayi mutanen Kalifoniya ko a haramta tilasta wa fursuna aiki, masu cewa a'a suka yi rinjaye.

Kada wani ya ce a kwaikwayo wannan a Legas. Wutarmu ba ta daji ba ce. Tamu ta wayar lantarki ce, da janareto, da tukunyar gas, da tanka irin wadda ta kama a gadar Otedola a 2018 ta ƙone motoci sama da 50. Wannan ba wutar da za a tura yaro da fartanya ba ce, sai dai ka buga 767 ko 112 ka ja baya. Ni abin da zan so ka tambaya a gidan da yaronka yake shi ne wa ke riƙe da makullin ɗakin kwanansu da dare, kuma a ina yake kwana. A 1959, a wani gidan horon yara baƙar fata a Wrightsville ta jihar Arkansas, wuta ta tashi cikin dare ƙofofi na garƙame ta waje, yara 21 suka ƙone.

Na Marina

Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Muna shekara goma muke bin iyayenmu gona tun asuba, hannunmu ya fashe ya warke, ga mu mun zama mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya bar rumfar baffansa ya bi 'yan iska, langalanga ma gata aka yi masa. Da a gida ne gidan mari za a kai shi ya dawo yana gaida kowa a durƙushe.

Anti Lauya, Idi-Araba

Malam Na Marina, gonar da ka bi ta mahaifinka ce, kuma hatsin cikinka ya shiga. Gidan mari kuwa, ka tuna abin da 'yan sanda suka fito da shi daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019: mutane ɗaruruwa, da yara a ciki, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabo. Iyayensu ma gyara suka kai su.

Baffa, barka da ƙoƙari. Maganar da ta fi kowace nauyi a cikin bayaninka ita ce wadda ka faɗa a wuce: ba a yanke masa hukunci ba. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana tilasta wa mutum aiki, sannan ya ware wasu 'yan wurare, ciki har da aikin da ya biyo bayan hukunci ko umarnin kotu. Wanda ke jiran shari'a har yanzu marar laifi ne a idon doka. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan yaran da ke tsare sun fito da shi ƙarara: yaron da ba a yanke wa hukunci ba a ba shi damar aiki da lada, da damar karatu, amma kada a tilasta masa. Tsaftar wurin kwanansa ba wanda zai kai ƙara a kanta. Aikin da zai fasa masa hannu kullum, ya kuma cinye lokacin aji, wannan akwai magana.

Ga kuma shekarunsa. A dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Legas ta yi tata a 2007, duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Shari'arsa ta kotun iyali ce, ba ta manya ba, kuma tsare shi shi ne matakin ƙarshe bayan an rasa wata hanya, na ɗan gajeren lokaci. Kotu na iya damƙa shi hannun mai kula da shi kafin a gama shari'a, kuma mai kula da shi kai ne. Saboda haka ni a ganina kada ka ɓata ƙarfinka wajen neman a rage masa ciyawa, ka sa shi wajen fito da shi. Jihar Legas tana da ofishin lauyoyin da ke kare marasa hali kyauta, wanda ake kira OPD, ga kuma hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya. Ka je da lambar ƙarar, da sunan kotun, da ranar zama na gaba.

Batun wuta kuma, yarjejeniya ta 182 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2002, ta hana sa wanda bai kai 18 ba aikin da zai cutar da lafiyarsa, ko yana tsare ko yana gidan ubansa. Kuma ka yi haƙuri Baffa, ba don in ɓata maka ba: sashe na 28 na dokar yaran ya hana a ɗora wa yaro kayan da nauyinsa zai iya yi wa jikinsa lahani. Buhun albasa nawa ne nauyinsa? Ina faɗa ne don ranar da za ka tsaya gaban alƙali, za a tambaye ka me yaron zai riƙa yi in an ba ka shi.

Mai Albasa, Mile 12

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Na Marina, ko da yake zan so ranar da nasa ya shiga hannu ya dawo ya sake rubuta mana wannan.

Hajiya Lauya, na ji harbin, kuma ba zan kauce ba. Buhun albasa ya fi yaron nauyi, gaskiya ne, shi ya sa su biyu suke kamawa. Amma bari in faɗa miki abin da ke cikin buhun nan ban da albasa. Yaron ya riga ya iya sa hannu cikin buhu ya gane ko an yi mana cushe a tsakiya. Ya san ta Aliero da ta Gashuwa da ido. Ya san in ya ji wani ɗumi-ɗumi da wari a gindin tari to ruɓa ta fara, a baje ta yau ko a yi asara gobe. Ya iya ciniki da matan Yarbawa da yarensu fiye da ni. Haka wana ya koya mini, kuma da haka na yi rumfa na yi aure. Niyyata in ya ƙara shekara biyu in yanka masa jari. Gumin da ya zubar a wurina ajiya yake yi. Wanda yake zubarwa a ciyawar can fa, ranar da aka buɗe masa ƙofa me zai fito da shi a hannu ban da kanta? In alƙali ya tambaye ni, abin da zan faɗa masa ke nan, in ya so ya ce a raba shi da ɗaukar buhu, na yarda, ya zauna kan sikeli da lissafi.

Baba Gandiroba, na koma na tambaye shi kamar yadda ka ce. Ya ce ta cikin katanga ce. Da na ce ba a taɓa fita da su ba, sai ya dubi ƙofa ya ce shi dai ba a taɓa fita da shi ba. Na bar maganar a nan. Hannun an wanke an sa magani, jami'ar da ke riƙe da fayil ɗinsa kuma mace ce mai kirki, ita ma cewa ta yi in nemi lauya. Makullin dare ban samu fuskar tambaya ba tukuna.

Ɗan'uwa na Apapa, bayaninka ya hana ni barci, amma ba ta inda kake zato ba. Na kwanta ina tunanin a ce yau an zo wa yaron nan da takarda an ce sa hannu ka tafi bakin wuta, kowace rana a yafe maka biyu. Wallahi kafin a rufe baki ya dangwala. Ni na san shi. Ba don jarumta ba, don ya ga waje. To wanda katanga ta matse har wuta ta zame masa hutu, in ya ce na yarda, ban san ko sunan wannan yarda ba. Duk da haka ba zan yi ƙarya ba, in da za a ce in zaɓa masa tsakanin ya yi shekara yana sare ciyawar da za ta sake tsirowa, da ya yi shekara yana koyon aikin da mutane za su tsaya a titi su tafa masa, kuma in ya fito a ɗauke shi aikin da albashinsa, zuciyata ta fi karkata ga na biyun. Sharaɗin dai shi ne a ɗauke shi ɗin. Na taɓa ganin gobara a kasuwa da dare, rumfunan katako da leda suna ci kamar an zuba fetur, tukwanen gas na masu abinci suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin motar kwana-kwana ta samu hanya ta ratso, waɗanda suka hau rufi suna ɓalle kwano don a raba wutar da sauran layin, suna miƙa bokiti hannu da hannu, yaran nan ne masu kwana a bayan rumfuna, irin waɗanda aka kwashe tare da nawa. Da safe ba wanda ya tambayi sunan ko ɗaya.

Saura abu ɗaya Hajiya. A takardar 'yan sanda an rubuta masa shekara 16, amma wani ya tsorata ni cewa in aka ga tsawonsa za a iya cewa ya kai 18 a tura shi cikin manya. A gida aka haife shi, ba shi da takardar haihuwa. Abin da uwarsa ta ce tana da shi sai katin rigakafi da ta adana a cikin kwalla, da shaidar gama firamare. Sun isa?

Anti Lauya, Idi-Araba

Kada ta ba direba na asali, ta ɗauki hotonsu ta turo maka tukuna, na asalin kuma ya zo hannun wanda ka amince da shi. Katin rigakafi yana da amfani sosai in akwai ranar haihuwa ko ranar allurar farko a jiki, haka ma shaidar firamare. Da su za a je ofishin hukumar ƙidaya ta ƙasa a ƙaramar hukumarku a yi masa rajistar haihuwa, don ana yi wa wanda bai kai 18 ba ko da an makara. Kai kuma ka yi takardar rantsuwa a kotu cewa kai ƙanin mahaifinsa ne, mahaifin ya rasu, yaron yana hannunka, ga adireshin rumfarka da na gidanka. In za ka samu wasiƙa daga shugabannin kasuwa ko Sarkin Hausawan unguwarku cewa sun san ka, haɗa da ita. Ka kai wa lauyan duka kafin ranar zama, ba ranar ba. Uwar kuma ka faɗa mata gaskiya, don ana iya neman jin ta bakinta.